Inda Wuƙa Take Bi: Mahautan Arewa a Inugu, Anacha da Fatakwal

A kwatocin Gabas, saniya ɗaya takan ratsa hannuwa da yawa kafin ta kai tukunya. Wanda ya saye ta a kara sau da yawa Ibo ne. Samarin da ke kayar da ita, da masu fiɗa, da masu babbake fata don ganda, da matan da ke durƙushe suna wankin tumbi da hanji, kowace ƙabila akwai. Amma da zarar an ɗaure ƙafafu an juya wuyan dabba alƙibla, sai kowa ya ja da baya, ka ji ana kiran “Malam! Malam!” Mutum ɗaya ne zai taho da doguwar wuƙa, ya dafa muƙamuƙi, ya lalubi wuri da babban yatsa, ya yi bisimilla da kabbara, ya ja. Aikin nasa bai kai minti ɗaya ba. A Inugu haka ne, a Anacha haka ne, a Fatakwal ma haka ne, kuma galibi Malam ɗin ɗan Arewa ne. Kusan kowane sashe na wannan sana'a ya canza hannu cikin shekaru ɗarin da suka wuce, ban da wannan ja ɗaya na wuƙa.

Ni ɗan gidan fawa ne. Kakana daga Kano ya sauko Inugu bayan an buɗe gadar Makurɗi, a unguwar Asata aka haifi mahaifina, ni ma a nan na buɗe ido. Abin da ake fara koya wa yaro a gidanmu, tun kafin a ba shi wuƙar yankan tsire, shi ne ya san wuya. Baba yakan ɗauko maƙogwaron rago da huhunsa a haɗe, ya ce, “Kai, zo nan, sa yatsanka.” Ka sa yatsa a ramin da ke gaba, ka ji shi a buɗe, da tauri, zobe bisa zobe na guringuntsi. Ka matse ka saki, ya koma yadda yake, kamar tiyon injin ban-ruwa mai waya a ciki. “Wannan hanyar iska ce. Ba ta rufuwa, ranar da ta rufu an gama.” Sai ya juya shi, ya ɓanɓaro wata jar tsoka mai laushi da ke manne a baya, wadda in ba a nuna maka ba za ka ɗauka tsokar wuya ce kawai. “Wannan kuma ta abinci ce. Ita a rufe take kwana, sai loma ta zo take buɗewa.” Daga nan ya kama wuyana da yatsu biyu ya ce in haɗiyi yawu. Na ji zakaran wuyana ya hau ya sauko a tsakanin yatsunsa. Ya ce, “To kai ma haka Allah ya yi ka.”

Da na je sakandare na tarar littafi bai ƙara mini komai ba sai awo. A jikin babban mutum, maƙogwaro bai wuce tsawon santimita 10 zuwa 12 ba, yana da zobba 16 zuwa 20, daga nan ya rabu biyu, kowane reshe ya shiga huhu ɗaya. Zobban ba su haɗe ta baya ba, siffar harafin C gare su, kuma daidai wannan gefe mai laushi hanyar abinci ta jingina, don loma ta sami wurin faɗaɗa in za ta wuce. Ita hanyar abincin ta kai santimita 25. Tana bi ta bayan zuciya, ta huda tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta faɗa tumbi. Babu guringuntsi ko ɗaya a jikinta, tsoka ce zalla, tana matsewa a bayan loma tana tura ta gaba. Shi ya sa saniya take shan ruwa a rafi kanta a ƙasa, ruwan ya hau wuya ya isa ciki.

Abin tsoron a mararraba yake. Iska tana shigowa ta hanci ta biyo bayan maƙoshi, amma bututunta a gaba yake. Abinci yana shigowa ta baki, ta gaba, amma bututunsa a baya yake. Dole su gitta wa juna. Duk haɗiya ɗaya, numfashi yakan ɗan tsaya, zakaran wuya ya hau sama, wani ɗan murfin guringuntsi da ke gindin harshe ya kife a bakin maƙogwaro, tantanin murya su ma su rufe, loma ta zame ta baya. Wannan murfin daban yake da belun da wanzamai ke cirewa, shi ba a ganinsa in an buɗe baki. In mutum ya yi magana ko dariya a daidai lokacin, murfin bai gama kifewa ba, sai ruwa ya sarƙe shi, tari ya turnuƙe shi har idonsa ya yi ja. Tarin nan shi ne mai gadin huhu. Kuma ɗan Adam ya fi dabbobin da muke yankawa shiga wannan haɗari, don akwatin muryarsa ya fi nasu sauka ƙasa a wuya, abin da ya ba shi damar magana.

Malaman fiƙihu sun rarrabe waɗannan bututu biyu tun fiye da shekara dubu, saboda halas da haram sun rataya a kansu. A wuya abu huɗu suke ƙirgawa: maƙogwaro, hanyar abinci, da jannaye biyu, wato manyan jijiyoyin jini na gefen wuya. A mazhabarmu ta Malikiyya, yadda muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Khalil, sharaɗin yanka shi ne a yanke maƙogwaro da jannaye biyu, daga gaba, ba tare da an ɗaga hannu kafin a gama ba. Hanyar abinci ba ta cikin sharaɗin a mashhurin mazhaba. Shafi'awa kuwa maƙogwaro da hanyar abinci suka wajabta, jannaye a wurinsu mustahabbi ne. Abu Hanifa ya ce in an yanke uku daga cikin huɗun ya wadatar. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙali kuma likita, wanda ya rasu a 1198, ya jera wannan saɓani a Bidayatul Mujtahid. Abokinsa Ibn Zuhr na Ishbiliya, da ya rasu a 1162, har gwaji ya yi: ya tsaga maƙogwaron akuya, ya yi jinyarta, ta warke. Da wannan ya nuna ana iya huda hanyar iska a ceci wanda numfashinsa ya toshe, aikin da likitoci ke yi har gobe. Duk mahauci ya san gaskiyar wannan gwaji da idonsa. Dabbar da aka yanke wa maƙogwaro kawai tana ci gaba da jan iska ta wurin yankan. Fitar jini ce take kashewa, kuma saniya takan fi rago jinkirin fita hayyacinta, saboda tana da wasu jijiyoyi da ke bi ta jikin ƙashin wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, inda wuƙa ba ta taɓawa. Wannan ne dalilin da ya sa dattawanmu ba sa ba yaro yankan sa don kawai ya iya yankan rago.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi kowacce tayar wa mahauci hankali. Dole zakaran wuya, ko wani zobe daga jikinsa, ya tafi tare da kai. In wuƙa ta bi ta samansa ya koma wajen gangar jiki, to ba a yanke maƙogwaro ba ke nan, kuma a mashhurin zance dabbar ta zama mushe. Tazarar yatsa biyu ce tsakanin nama da asara. Na sha ganin kakana, a shekarunsa na ƙarshe da ƙarfi ya ƙare, yana zaune kan benci, a kawo masa kan sa ya sa yatsa ya laluba, ya ɗaga kai ya ce, “Ya yanku.” Sai ka ga mai saniyar, Ibo, Kirista, ya sauke ajiyar zuciya. Ba addininsa ba ne, amma ya san in tsohon nan ya girgiza kai, labari zai zaga kasuwa kafin hantsi, babu mai tsire ko mai tuwo-tuwo ko matar soja Musulma da za ta tsaya a teburinsa.

Yadda aka yi wannan ilimi ya zama jari a Gabas, ƙudan tsando ne sila. Kurmi ba ya riƙe shanun Arewa. Bunaji da Rahaji da Gudali in suka daɗe a can sammore yakan kama su, su rame su mutu. Ibo suna da tasu 'yar gajeriyar saniya, muturu, wadda ke jure cutar, amma ba ta da yawa, kuma dabbar girmamawa ce ta manyan bukukuwa da jana'izar dattawa. Naman yau da kullum sai an kawo daga sama. 'Yan Arewa sun riga jirgi isa ƙasar: a ƙarshen ƙarni na 19 mafarautan giwa Hausawa sun sauka Elele a ƙasar Ikwerre, jikokinsu suna nan har yau, haka kuma fatake Hausawa da Nufawa sun zauna a ƙauyukan Nsukka irin su Ibagwa da Enugu-Ezike. Amma kasuwar nama kwal ne ya haife ta. A 1909 aka gano kwal a tudun Udi. Turawa suka buɗe tashar ruwa a Fatakwal don fitar da shi, suka shimfiɗa dogo daga can ya iso Inugu a 1916. Ma'aikatan rami, da na reluwe, da akawuna, da 'yan sanda, da sojoji suka cika garin da a da daji ne, kowa da albashinsa a ƙarshen wata, kowa yana son nama. Zuwa 1927 dogon ya haɗe da na Arewa ta Kafanchan, sai dai a Binuwai jirgin fito ne yake tsallakar da taragai, har aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga nan shanun da a da ake korowa a ƙasa wata da watanni, wasu su faɗi a hanya, suka koma shiga tarago. Umuahia ta zama babbar karar Gabas, daga baya aka mayar da kasuwar Lokpanta, kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal.

Anacha ita tarihinta na ruwa ne, dogo bai taɓa zuwa can ba. Nufawa da Igala da Hausawa ta kogin Kwara, wato Neja, suke gangarowa da jiragen ruwa, kuma wanda ya zaga bayan babbar kasuwa yau zai ga titin Bida da titin Sakkwato. Kafin a buɗe gadar Neja a 1965, duk abin da zai tsallaka Asaba sai ya hau jirgin fito. Bayan gadar ne gindinta ya zama mazaunin 'yan awaki da 'yan albasa da masu lodin tirela.

Cinikin kuwa bashi ne ya riƙe shi. Falke ya kawo shanu ya sauka gidan mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya sa dillalansa su nemo masu saye, a ba mahauci sa ba tare da takarda ba, ya yanka ya sayar, ya kawo kuɗi bayan kwanaki. In ya gudu, mai gida ne zai biya. Baturen nan Abner Cohen ya rubuta irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, kuma abin da kakana ya ba mu labari a Inugu bai bambanta ba. A ganina a nan wuƙa ta kafu. Mai shanu Musulmi ne, mai gida Musulmi ne, sarkin fawa Musulmi ne, kuma naman da Malam ya yanka kowa yana ci, alhali wanda wani ya yanka rabin kasuwa ba za su taɓa ba. Ko da Ibo suka shiga fawa suka fi mu yawan tebura, lissafinsu ya nuna musu su bar wannan wuri ɗaya a hannun da kowa ya yarda da shi. Daga cikin wannan fatauci na shanu aka sami Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, wanda mutanen Inugu suka zaɓa a shekarun 1950 ya zama magajin garinsu na farko, ya riƙe har 1958. Duk lokacin da na ji ana cewa mu baƙin jiya ne a Gabas, sunansa nake fara kawowa.

Sai 1966 ta zo. Aka kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa a watan Mayu, aka sake a Satumba da Oktoba, abin da ba shi da wani uzuri. Waɗanda suka tsira suka yi ta sauka tashar Inugu da raunuka, zafin abin ya faɗa kan 'yan Arewa da ke Gabas, a Oktoba kuma Ojukwu, mai mulkin yankin a lokacin, ya ce duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya fita, don ba zai iya lamunce tsaronsa ba. Kakana ya bar teburinsa da bashin da yake bin mutane, ya ɗauki iyali da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu. Yaƙin Biyafara ya ɓarke a Yulin 1967. Sojojin tarayya suka shiga Inugu a Oktoban wannan shekara, Anacha a Maris na 1968, Fatakwal a Mayu. A cikin Biyafara kuwa shanun Arewa sun yanke, busasshen kifin da ake kawowa daga Norway ya yanke, yara suka yi ta kumbura da ciwon yunwa suna mutuwa. Hotunan nan da duniya ta gani hotunan rashin nama da kifi ne. Bayan yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, mahauta suna cikin waɗanda suka fara komawa. Baba ya ce wani abokin cinikin kakana ya zo har gida da kuɗin sa biyu da ya karɓa kafin yaƙi, a lokacin da mutanen Gabas ba su da abin da za su ci. An sake gudu a Fabrairun 2006, da wani rikici a Maiduguri ya jawo ramuwa a Anacha aka kashe mutane aka ƙona masallatai, kuma an sake komawa.

Sanin bututun nan biyu bai tsaya a kan yanka ba. Da jini ya gama tsiyaya, gwanin mahauci yakan lalubo bakin hanyar abinci, wadda a wuyan saniya take ɗan karkata hagu, ya zare ta daga jikin maƙogwaro, ya ƙulle. In bai yi haka ba, da an motsa gawar toroso zai biyo ta ya kwarara kan naman wuya da ƙirji, ya bar wari da ƙwayoyin cuta. Manyan mayankan Turai suna da ƙarfe da zoben roba na musamman don wannan aiki, mu da yatsa da ƙulli muke yi. Ta saniya hanya ce mai zuwa da dawowa, ta nan take maido da ciyawa ta yi tuƙa, ta nan take gyatsa. Lokacin mangwaro a kara, sa yakan haɗiye ɗaya sukutum ya tsaya masa a wuya. Yana numfashi sarai, don maƙogwaro a buɗe yake, amma gyatsa ta tsaya, sai ciki ya kumbura ta hagu har ya danne huhu. Wanda ya sani yakan shafo wuyan ta hagu ya turo mangwaron sama, wanda bai sani ba ya ɗura masa ruwa ya ƙarasa shi. Shi kuwa malamin dabbobi mai duba nama, maƙogwaro da huhu yake tsagawa yana neman alamar tarin fuka.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ilimi yakan tsaya a kwata, ba ya bin mu gida. A unguwanninmu har yanzu ana yi wa jarirai ɗure: a kwantar da yaro kan cinya, a toshe masa hanci, a tara koko a tafin hannu a bakinsa. Yaron da aka toshe wa hanci yana kuka dole ya ja iska ta baki, kuma duk jan da zai yi murfin nan a buɗe yake. Kokon da ya bi hanyar iska huhu yake sauka, bayan kwana biyu zazzaɓi da haki su taso, a ce sanyi ne ya kama shi. Haka ake ɗura wa wanda ya suma ko mai farfaɗiya ruwa, alhali ba ya iya haɗiya ba ya iya tari. Haka ake ba ɗan shekara biyu gyaɗa ya yi ta gudu da ita a baki, kuma in ta zame reshen huhun dama ta fi faɗawa, don ya fi faɗi ya fi miƙewa. Wanda abu ya shaƙe, in yana tari a bar shi ya yi tarinsa. In murya ta ɗauke, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi, in bai fito ba a rungume shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama. Jariri ba a danna masa ciki, kifa shi ake yi a hannu a buga bayansa. Na taɓa jin Baba ya ɗaga murya a tsakar gida kan ɗure, ya ce da ƙanwarsa, “Ke, wannan hanyar da kike zuba wa koko ni kullum ina ganin cikinta. Sake masa hanci.”

Yau sana'ar tana wani juyin. Jirgin shanu ya daɗe da tsayawa, tireloli ne ke sauke kaya a Lokpanta da Ugwuoba da Amansea. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da lodi zuwa Kudu, kwanaki kaɗan aka yi tebura suka bushe. A wannan shekarar kuma gwamnatin Ribas ta rufe tsohuwar kwatar Trans-Amadi, wadda ta daɗe tana ciyar da Fatakwal, mahauta suka watsu ƙananan mayanka. Ba zan kare hayaƙin tayar da ake babbaka da ita ba, ko jinin da ke gangarawa rafi, don mu ne farkon masu shaƙa. Maganar da ta fi girma ita ce wadda ake ta yi, musamman tun da aka kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya a 2024: a riƙa yanka a Arewa, a kawo nama cikin motocin sanyi. Ta fuskar dabba wannan rahama ce, don na ga yadda sa yake sauka daga tirela bayan kwana biyu a tsaye babu ruwa. Ta fuskar falke ma riba ce. Amma ranar da hakan ta tabbata, wuƙa za ta koma Kano da Maiduguri, kuma Malam na kwatar Inugu, wanda a Asata aka haife shi, yake jin Ibo kamar Hausa, ba shi da gona ko ɗaki a Arewa, zai wayi gari babu wuyan da zai lalube. Ƙungiyoyin mahauta da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa ya kamata su nemi kujera a inda ake tsara wannan abu tun yanzu, su nemi a horar da yaranmu duba nama da aikin ɗakin sanyi a ba su takardar shaida, kafin motar farko ta tsallako gadar Makurɗi.